Takwara ba ta tafi Ingila ba: nazarin wani riƙo da ya kasa tsallaka iyaka

A gidanmu abin ya faru, a Daura, daga farkon 2022. Ba zan kama sunan kowa ba, zan kira kowa da abin da ake kiransa a cikin gida. Hajiya matar baffana ce marigayi. Babban ɗanta ba ta faɗin sunansa saboda alkunyar ɗan fari, Likita take ce masa, ko da yake mai haɗa magunguna ne, kuma shekararsa goma sha shida ke nan yana aiki a Mancesta ta ƙasar Ingila. Ƙanensa direba ne mai jigila tsakanin Daura da Kano. Shi ne ya rasu a hatsarin mota cikin Fabrairun 2022, ya bar mata ɗaya da 'ya ɗaya 'yar shekara huɗu. Matar 'yar Matamaye ce ta Jamhuriyar Nijar, kuma duk da ta shekara shida a gidan, Amarya ake ce mata. Yarinyar ta ci sunan Hajiya, sai ta zama Takwara. Ni kuwa malamin sakandare ne da ya ajiye aiki, irin wanda duk takardar Turancin da ta shigo gida shi ake miƙa wa. Ta nan na tsunduma cikin maganar.

Ranar sadakar arba'in, bayan baƙi sun watse, muka taru a rumfar Hajiya. Likita bai samu zuwa ba, sai aka jingina waya da buta a tsakiyar tabarma, yana ganinmu muna ganinsa. Shekara goma sha ɗaya da aurensa Allah bai ba su haihuwa ba, kuma kowa ya san abin yana cin matarsa, wadda yaran gidan ke kira Anti.

"Hajiya, in kin amince a ba ni Takwara. Duk abin da ubanta zai yi mata zan yi."

"To dā ma wa ya fi ka? Ƙanenka ne ya tafi. Allah ya yi maka albarka."

Minti biyar ba a yi ba aka shafa fatiha. Amarya tana ɗakinta tana takaba, ba a kira ta ba. Ina zaune a wurin, ban ce a kira ta ba. Da ni aka yi wannan kuskuren.

Babu wanda ya ga wani abin mamaki a maganar, domin riƙo a wurinmu kamar shan ruwa ne. Yaro ya je yaye gidan kaka ya zarce. Wadda ba ta haihu ba a ɗauki 'yar ƙanwarta a ba ta. Ni kaina goggona ce ta riƙe ni a Zango har na gama firamare. Ba takarda, ba alƙali, kuma yaro ya san ubansa, in an tambaye shi ɗan wane ne ba ya inda-inda. Iyakar ƙasa ma ba ta taɓa tare riƙo ba a wannan yanki: 'ya'yan Matamaye da Magarya da Damagaram nawa suka girma a Daura da Mai'aduwa, namu nawa suka girma can? A lissafin Hajiya, Ingila wata Damagaram ce da ta ƙara nisa. A yi fasfo, a yanki tikiti, shi ke nan.

Takardar lauya

Bayan ƙaramar Sallah Likita ya turo mini bayanin wata lauya da ya gani a can, shafi shida, ta WhatsApp. Na kai shagon kwamfuta aka buga mini, na kwana biyu ina bi da biro.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne dokar Ingila ba ta san riƙo irin namu a matsayin hanyar shigo da yaro ba. Babbar hanyar da ta sani ita ce kotu ta yanke alaƙar yaro da iyayen da suka haife shi a idon doka, ta mayar da shi ɗan waɗanda suka karɓe shi, a ba shi sabuwar takarda da sunayensu. Wannan shi ne abin da malamanmu ke kira tabanni. Kuma mazaunin Ingila ba ya tashi haka kawai ya ɗauko yaro daga waje don wannan. Sai hukumar da aka amince da ita ta bincike shi wata da watanni, gidansa da lafiyarsa da samunsa da zaman aurensa. Wanda ya tsallake wannan ya shigo da yaro ya yi laifin da ake hukuntawa.

Wannan na kowa da kowa ne. Namu na Najeriya ya fi haka tsauri. Tun Janairun 2014 hukuncin kotun Najeriya na ba da yaro ya daina samun karɓuwa kai tsaye a can. Sannan daga 12 ga Maris 2021 gwamnatin Birtaniya ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta taƙaita ɗauko yara daga cikinsu, tare da Kambodiya da Gwatamala da Nepal da Haiti da Habasha. Dalilan da ta bayar: wuyar tabbatar da asalin yaro, takardun da ba a iya dogara da su, cin hanci, da shaidar safarar yara. Ana iya roƙon a keɓe mutum, amma zumunci kaɗai ba ya buɗe ƙofar. Lauyar ta ambaci wasu ƙananan kafofi biyu. Ko Likita da Anti su dawo Najeriya su zauna wata 18, yarinyar na hannunsu aƙalla wata 12 daga ciki, wanda ke nufin ajiye aiki. Ko kuma a nuna wani dalili mai tsanani da ya sa barin yarinyar a nan cutarwa ne. Takwara kuwa tana da uwa, da kaka biyu, da baffanni, tana cin tuwonta tana wasanta. Matar ba ta ɓoye ba, ta rubuta cewa uwa mai rai da lafiya ita ce babban abin da zai tare hanyar.

Ta ɓangarenmu ma ba sauƙi. Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce mai neman a ba shi yaro ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21, ya shekara biyar yana zaune a jihar da ya shigar da buƙatar, yaron ya yi wata uku a jere a hannunsa, kuma ya sanar da jami'in jin daɗin jama'a shekara guda kafin hukunci. Likita ɗan ƙasa ne, amma rabonsa da ya yi wata biyu cur a Daura har ya manta. Jihar Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, sai dai maganar maraya Musulmi da dukiyarsa, a nan gaban alƙalin shari'ar Musulunci take ƙarewa.

Da na fassara wa Hajiya, sai ta riƙe haɓa. "Yanzu 'yar ƙanen nasa sai Bature ya ba shi izini?" Likita kuwa ya ɗauka wariya ce, don baƙi ne mu kuma Musulmi. Ni ma da farko haka na gani.

Ruwa ba ya tsami banza

Da na ci gaba da karatu na gane ba mu kaɗai aka rufe wa ƙofa ba, harkar ce gaba ɗaya take mutuwa. A 2004, shekarar da abin ya kai ƙololuwa, yara wajen 45,000 aka ɗauka daga wata ƙasa zuwa wata a duniya, kusan 23,000 daga ciki Amurka suka tafi. A 2023 waɗanda suka shiga Amurka ta wannan hanya 1,275 ne kacal. Ƙasashen da ake ɗebo yaran ne suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Romaniya ta dakatar a 2001, Gwatamala a 2008. Rasha ta haramta wa Amurkawa daga farkon 2013. Majalisar Habasha ta haramta ba baƙi yara a Janairun 2018. Ƙasar Sin, wadda ta fitar da yara sama da 160,000 tun 1992, ta sanar da rufe nata a Satumban 2024, in ban da tsakanin dangi na jini. Masu karɓa ma sun fara ja da baya: Holan ta dakatar a Fabrairun 2021 bayan wani kwamitin bincike ya tono abubuwan kunya, kuma hukuma ɗaya tilo da ke wannan aiki a Denmak ta tsaya a farkon 2024.

Dalilan suna da yawa. Wasu ƙasashen sun yi arziki, haihuwa ta ragu, 'yan ƙasa sun fara karɓar marayunsu, wasu kuma siyasa ce, kamar ta Rasha da Amurka. Amma abin da na yi ta cin karo da shi a kusan kowace ƙasa guda ne: takarda ta yi ƙarya. An rubuta maraya, alhali uwa na nan da ranta. Inda ake biyan dubban daloli a kan yaro guda, ba a jira maraya ya samu, nemo shi ake yi. Koriya ta Kudu ta tura yara kimanin 200,000 waje tun bayan yaƙinta na shekarun 1950, kuma a Maris 2025 hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta tabbatar da cewa an yi ta jirkita takardu, ana rubuta masu iyaye a matsayin tsintattu. Waɗancan yaran yanzu sun manyanta, suna yawo da takardar da ba ta kai su ƙofar kowa.

Wanda ya fi taɓa ni na maƙwabtanmu ne. A Oktoban 2007 aka kama wasu Faransawa na wata ƙungiyar agaji a Abeshe ta ƙasar Chadi suna shirin tashi da yara 103 a jirgi, wai marayun Darfur ne. Da aka bincika, yawancinsu 'yan Chadi ne masu iyaye ko dangi na kusa, kuma iyayen sun ce makaranta aka yi musu alkawarin sa yaran. Kotun Chadi ta yanke wa shida daga cikinsu shekara takwas da aiki mai tsanani, daga baya Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa. Ka lura da yadda aka ci iyayen nan: da riƙo aka yaudare su. Sun ba da 'ya'yansu yadda kowane Bahaushe zai ba da nasa, a tafi da shi ya yi karatu ya dawo. Irin wannan ya faru da iyaye da dama a ƙauyukan Habasha, sun dangwala hannu suna zaton aro ne, ashe a can an rubuta kyauta ce ta har abada.

Kuma ba za mu ce Bature ya ƙaga mana sharri ba. A Oktoban 2019 aka gano yara tara 'yan Kano a Anaca ta jihar Anambara, an sace su an sayar, an sauya musu suna, kuma a 2021 kotu a Kano ta yanke wa jagoran masu satar shekara 104. A Nijar, badaƙalar jariran da aka ce an sayo daga kudancin Najeriya ta tashi a 2014, ta shafi manya har da Hama Amadou, shugaban majalisar dokoki na lokacin, wanda ya musanta ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Yarjejeniyar birnin Heg ta 1993, wadda aka yi don tsaftace wannan harka, Najeriya ba ta cikinta. Ƙa'idarta kuwa ita ce a fara neman wa yaro wuri a danginsa, sannan a ƙasarsa, fita waje ta zama ta ƙarshe. Haka ma Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ta ce.

Zauren Malam

Likita ya zo babbar Sallah, cikin Yulin 2022. Washegarin hawan Sallah muka je wurin limamin unguwarmu, wanda ke ba da karatun Risala a zaurensa bayan la'asar. Likita ya zayyana masa komai.

Malam ya karanto ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab, inda aka ce a kira su da sunayen ubanninsu, ya tuna mana Zaidu ɗan Harisa da aka daina ce masa ɗan Muhammadu. Sannan ya haɗa yatsunsa biyu, ya kawo hadisin kusancin mai ɗaukar nauyin maraya da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Aljanna.

"Ka ga ba a hana ka komai na alheri ba. Ci da ita, tufatar da ita, ka sa ta makaranta, ka aurar da ita, tunda ba uba, ba kaka namiji, ba ɗan'uwa namiji, kai ne ma waliyyinta. In kana so ta ci dukiyarka, ba ta kyauta da ranka, ko ka yi mata wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Abu ɗaya ne ba ka da iko a kai, ka goge sunan ƙanenka ka sa naka."

"Allah gafarta Malam, in takardar ta Bature ce kawai fa? A gida kowa ya san 'yar wane ce."

Malam ya ce ya ji wasu malaman da ke zaune a can sun yi sauƙi a kan haka, muddin yaro ya san ubansa kuma ba a taɓa hukuncin gado da aure ba. "Amma kun yi nisa. Uwarta ta yarda?"

Muka yi tsuru-tsuru. Nan ya warware mana haƙƙin reno a mazhabar Malikiyya: uwa ce a gaba, kuma 'ya mace tana hannunta har ta tare a gidan miji. In uwar ta auri wanda ba muharramin yarinyar ba, sai renon ya koma wurin mahaifiyar uwar, sannan 'yan'uwan uwar mata, kafin a zo kan kaka ta wajen uba. Baffa yana can ƙasa sosai. Malam bai faɗa da baki ba, amma mun ji: abin da Hajiya ta yi kyauta da shi a rumfa ba nata ba ne.

A nan in ɗan ratse. Riƙon Musulunci, wato kafala, ba baƙo ba ne a dokokin duniya, domin Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambace shi da sunansa a sashe na 20. Ingila ma tun ƙarshen 2005 tana da wani hukuncin waliccin musamman da ke ba mutum riƙon yaro ba tare da yanke shi daga iyayensa ba. Sai dai wannan ya fi amfanar yaron da ke can. A kan iyaka kafala ba ta da nauyin haihuwa: a 2019 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar wata yarinya 'yar Aljeriya, ta ce yaron kafala ba ya cikin 'ya'yan cikin mutum, yana cikin sauran dangi da ake duba lamarinsu ɗaya-ɗaya.

Mai harkar biza

Kwana uku kafin Likita ya koma, wani abokinsa ya haɗa shi da wani mai harkar biza. Na raka shi. Mutum ne mai fara'a, waya uku a hannu, turare kamar an yi ɓari. Ya saurare mu, ya yi dariya, ya ce mun wahalar da kanmu a banza. A yi wa yarinya sabuwar takardar haihuwa, uba Likita, uwa Anti. A ce Anti ta zo gida ta haihu ta bar jaririya wurin kaka. Da wannan a yi fasfo, a nema mata shiga a matsayin 'yar cikinsa. Naira miliyan uku da rabi, rabi yanzu rabi in ta sauka.

A mota na fara lissafa wa Likita ramukan. Fasfon Anti zai nuna ba ta zo Najeriya a shekarar ba. Asibitin da ta yi shekaru tana neman haihuwa yana da fayil ɗinta. In aka nemi gwajin jini na asali, uba da 'ya rabi suke haɗawa, baffa da 'yar ƙanensa kusan kwata, Anti kuwa babu komai. In asiri ya tonu, lasisin aikinsa da zamansa a can duk suna iya salwanta. Ga kuma gado, wanda ba a daɗe da rabawa ba: an kasa dukiyar marigayi 24, Takwara ta ɗauki 12, Hajiya 4, Amarya 3, sauran 5 na 'yan'uwansa. Gonar da ke hanyar Sandamu ta faɗo a rabon yarinyar. In takarda ta ce ba 'yarsa ba ce, ran da babu mu, da me za ta tsaya gaban alƙali?

Ya daɗe bai ce komai ba, yana kallon titi. Ba mugun mutum ba ne, wannan ina so a sani. Mutum ne da ya ga ɗaki da gado da makaranta mai kyau suna jiran yarinya a can, ya ga matarsa tana kuka da dare.

"Yaya Malam, duk na ji. Amma a ce ba a kama mu ba. Wa aka cuta?"

Ban ba shi amsa ba a lokacin. Kawun Amarya ya iso daga Matamaye washegari, don ta fita takaba za ta koma gida. Ashe labarin ya riga ya kai mata, ba daga bakin babba ba, daga bakin yaran gida masu yi wa Takwara waƙar za ta hau jirgi. Aka kira ta rumfa, karo na farko. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, tana murɗa gefen hijabinta har yatsun suka yi fari. Ni ta fuskanta, don ba ta iya kallon Hajiya ko Likita.

"Yaya Malam, ni ban hana riƙo ba. Ni ma riƙona aka yi a Damagaram. Amma duk Sallah ana kawo ni in ga innata. In ta tafi can, wace Sallar za a kawo mini ita? Kuma an ce sai na dangwala hannu cewa ba ni na haife ta ba."

Likita ya tashi ya fita. Da dare ya kira mai bizar ya ce ya fasa.

Abin da aka rubuta

Kada a ɗauka daga nan aka rungumi juna. Hajiya ta yi fushi sosai, ta ce jinin ɗanta ba zai tafi Nijar ya zama agola a gidan wani ba. Tsoronta ba na banza ba ne, kowa ya san yadda agola ke ƙarewa a wasu gidajen. Dangin Amarya su ma suka kafe a kan haƙƙinsu. An yi wata huɗu ana kai gwauro ana kai mari, har aka daina gaisawa a waya. Sai bayan kaka aka zauna gaban Malam da mai unguwa, ni na riƙe biro, na rubuta da Hausa.

Takwara za ta yi zangon karatu a Daura wurin Hajiya, ta yi kowane hutu wurin uwarta a Matamaye. Amarya tana da ikon zuwa duk ran da ta so ba sai ta nemi izini ba. Kuɗin makaranta da magani da sutura suna wuyan Likita. Gonarta za a ba da haya, a riƙa rubuta abin da ya shigo a littafi, shaidu biyu su duba duk shekara. Likita ya saya mata fili da sunanta da sunan ubanta, ya kuma sa ta a wasiyyarsa. In ta kai shekara 18 tana son karatu a waje, ita za a tambaya. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, aka yi kwafi uku.

Wannan rubutun shi ne abin da na fi alfahari da shi a duk lamarin, kuma shi ne ya sa ba na shiga sahun masu cewa ai mu tuntuni muna da abin da Bature sai yanzu ya gano. Gaskiya ne namu ba ya goge nasaba. Amma 'yar riƙo nawa muka sani da ita ce ta farkon tashi ta ƙarshen cin abinci, 'ya'yan gida na makaranta ita tana ɗauke da farantin talla? Gonar maraya nawa ta narke a hannun baffa mai cewa ajiya yake yi? Babu mai leƙowa ya duba, don leƙawa rashin kunya ne. Lauyar Mancesta ta ba ni haushi da yawan tambayoyinta, amma ita ce ta fara tambayar ra'ayin Amarya, tun kafin Malam, a shafi na biyu. Na karanta na wuce.

Jarrabawar takardar ba ta daɗe ba. Takwara ta tafi dogon hutu a Yulin 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga watan, cikin 'yan kwanaki aka garƙame iyaka. Hajiya ta ce a ba ɗan acaɓa ya ɗauko ta ta ɓarauniyar hanya, yadda mutane ke yi kullum. Amarya ta ce ba za a bi daji da 'yarta a babur ba. Aka kira Likita ya raba gardama, ya goyi bayan Amarya, ya tura kuɗi aka sa yarinyar makaranta a can. Sai da aka buɗe iyaka a Maris 2024 kawun ya kawo ta ta mashigar iyaka ta Kwangwalam, ta ƙara tsawo, haƙori biyu sun fita, tana ƙirga wa Hajiya ƙwan zabi da Faransanci. Wata takwas, a tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Hajiya ta ɗora ta a cinya tana shafa kanta, ta ce da ni, "Matamaye ma ke nan. Ina ga can?"

Likita da Anti sun shiga rajistar masu riƙon yara na hukuma a Mancesta, inda ake ba mutum yaro ya riƙe ba tare da ya zama nasa ba. Yanzu haka akwai wasu 'yan'uwa biyu Musulmi a hannunsu. Duk Lahadi bayan azahar ana jingina waya da buta, Takwara ta karanta wa Baffa haddarta.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne Amarya ta sami manemi, wani ɗan kasuwa a Damagaram. In an ɗaura, reno ya koma hannun mahaifiyarta, wadda ba ta cikin masu dangwala hannu, kuma takardar da na rubuta ba ta ce komai a kan wannan ba. Kawun ya aiko cewa zai zo bayan an cire amfanin gona.